Abin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Litinin, 1 ga Satumba

Auta ce ta kawo mini wannan littafi. Wai likitan wurin aikinsu ya ce in riƙa rubuta abin da na yi kullum, yana taimaka wa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar wa? Ni da ake zuwa har gida a tambaye ni shekarar da aka sa wa layinmu fitila, da wanda ya fara gina bene, da wanda ya auri wa. Don na bar tukunya a wuta sau biyu, shi ke nan an mayar da ni majinyaci.

Zan rubuta dai don kada a ce na ƙi. Ban taɓa zama a aji ba. Matata, Malama, ce ta koya mini baƙaƙen nan ina da shekara arba'in da ɗoriya, a kan teburin da nake rubutu yanzu, bayan na dawo daga shagon gyaran keke hannuna duk baƙin mai. Daga nan na laƙaba mata Malama don tsokana, sunan ya bi ta har kabari. Wata goma sha ɗaya ke nan. Allah ya jiƙanta.

Laraba, 3 ga Satumba

Lahadi huɗu a jere ɗana Babba bai kawo yara cin abinci ba. Da uwarsa na da rai ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai sun zo. Na kira shi. Ya ce aiki. Sai na jiyo surukata daga bayansa tana cewa, ai wurin ne ya yi kaɗan, mutum huɗu kawai teburin ke ɗauka, yara a ƙasa, ga shi yana rawa miya na zuba.

Ba rawa yake ba. Ƙafa ɗaya ce ta gaza, kuma akwai kwalin da ake ninkewa a sa mata. Shekara arba'in da biyar muna sa kwali, ba wanda ya mutu.

To amma na ji. Idan tebur ne matsalar, tebur ba ya gagara.

Asabar, 6 ga Satumba

Na auna falo da igiya. Ƙulli ɗaya a bango, ƙulli ɗaya a bakin ƙofar kicin. Auta ta zo ta same ni a durƙushe, ta ce, "Baba, ga tef ɗin awo a jakata." Na ce da igiya na auna wannan gida kafin a haife ki, bai faɗi ba.

Muka tafi shagon kayan ɗaki, wanda ke bayan gidan mai. Tebura kamar a ba ka kyauta don yawa. Auta ta nuna wani na katako mai kujeru shida, wai ana iya naɗe gefensa idan ba mutane. Ni kuwa idona ya riga ya sauka a kan wani na gilashi, ƙafafun ƙarfe masu ƙyalli, kujeru takwas. Ban taɓa ganin abu mai haske haka ba. Na ga fuskar surukata idan ta shigo ta gan shi.

Mai shago ya ce, "Baba ka san kaya." Irin maganar da suke yi wa kowa. Na shimfiɗa igiyata a kai, ya shiga tsakanin ƙulli biyu har da saura kamu ɗaya.

Auta ta ƙirga da yatsa: ni, Yaya, matarsa, yara uku, ita. "Bakwai ke nan, Baba. Ta takwas fa?" Na ce ta baƙo.

Ba ta baƙo ba ce. Da na ƙirga a gida, na ƙirga da Malama. Ban lura ba sai da ta tambaya.

Talata, 9 ga Satumba

Sun kawo shi. Mutum uku da direban motar kaya. Da suka ga falon suka ce tsohon dole ya fita, ba wurin biyu. Gaskiya ne.

Auta ta ce a kai shi ɗakin Mama a jingine. Ɗakin cike yake da akwatuna. Ta ce to a kai gidanta. Da ta tsaya a nan da an kai. Sai ta ƙara da cewa, "Na san ka dai, Baba, ko tsohuwar taya ba ka iya rabuwa da ita." A gaban baƙi ta faɗa, suka yi dariya.

Na ce wa direba, ɗauki, na ba ka. Ka ƙona ma in ka so.

Auta ta dube ni. Ta sunkuya ta ɗauki kwalin ƙafar ta sa a jaka. Ban san me za ta yi da kwali ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Teburin ya shiga. Kujerun ne ba su shiga ba.

Na auna tebur, ban auna wurin da mutum zai ja kujera ya zauna ba. Igiya ba ta gaya mini wannan ba. Dole muka matsa shi ya manne da bangon taga, kujeru uku suka maƙale tsakaninsa da bango, ba mai iya zama a kansu sai in ta sama zai sauko. Ƙofar kicin kuma rabi take buɗewa. Da gefe nake shiga kamar kaguwa.

Gefen taga nan ne wurin Malama. Tana son haske a bayanta don tsintar shinkafa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ba wanda ya gaya mini cewa idan kana cin abinci a kan gilashi ƙafafunka kake kallo. Ƙafa biyu, tsofaffin silifa, sai fili.

Lahadi, 14 ga Satumba

Sun zo, dukansu. Surukata ta ce, "Kai, Baba, wannan ai na otal ne!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tunda kujeru uku na maƙale, yaran dai a ƙasa suka zauna kamar da. Kuma kowane cokali aka ajiye sai ya yi ƙara. Uwarsu na ta "a hankali, za ku fasa wa Kaka." Ba wanda ya jingina gwiwar hannu. Kamar muna jiran a kira mu a asibiti.

Babba ya tambaye ni wace shekara muka dawo gidan nan, wai yana cike wata takarda. Na buɗe baki. Babu. Abin da na faɗa sau dubu. Na ce shekarar da aka haife ka. Ya ce a'a, ai yana tuna ranar da aka kwaso kaya. Na ce to shekarar da aka haifi ƙanwarsa Tsuntsuwa. Sai na ji ban tabbata ba. Na yi tari, na ce ruwa ne ya sarƙe ni. Na ga sun kalli juna shi da Auta.

Ƙaramar jikata, wadda nake kira Rediyo don bakinta ba ya mutuwa, ta rarrafa ƙarƙashin tebur ta manna hancinta a gilashi tana yi mini gwalo ta ƙasa. Na ce fito, kada in sake ki in auri wata. Ta ce, "Wa zai aure ka, ba haƙori?" Sannan ta ce, "Kaka, wannan ba shi da rubutu a ciki."

Na ce wane rubutu.

"Na tsohon. Akwai rubutu da yawa. Har gefe-gefe."

Uwarta ta ja ta waje. Ni na ajiye cokali.

Litinin, 15 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin yake tun ina riƙe da shi.

Lokacin da kafinta ya yi mana teburin ban iya rubutu ba. To idan wani babban abu ya faru a gidan, sai in kwanta a ƙarƙashinsa in ja layi da ƙusa a cikin katakon. Dogon layi, haihuwa. Layi mai gicciye, rasuwa. Zagaye, ƙaura ko sabon shago. Babba dogon layi. Tsuntsuwa, wadda ta biyo shi, dogon layi, bayan shekara biyu da wata uku na gicciye shi. Auta dogon layi. Iyayena, iyayen Malama, duk suna nan.

Malama ta taɓa ce mini tana sa kwanan wata kusa da kowane layi. Na ce ki sa, ni ba na buƙata, komai na kaina. Ban taɓa dubawa ba. Da ban iya karatu ba, da na iya kuma sai na ga me zan duba. Daga baya gwiwa ta hana. Layin ƙarshe, nata, ban ja ba. Na ce sai na samu ƙarfi.

Kuma na ce wa mutum ya ƙona shi. Don 'yata ta sa an yi mini dariya.

Amma "da yawa, har gefe-gefe"? Layukana ba su kai ashirin ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na koma shagon. Na ce su karɓi abinsu, ba na so. Mai shago ya nuna mini takardar da na sa hannu. Yau ban san kaya ba ke nan. Na ce to ina direban. Ya ce ba ma'aikacinsu ba ne, haya suke ɗaukarsa, yana tsayawa a bakin kasuwar katako. Ya ce, "Baba, wancan tsohon? Ai ko itacen wuta—" Na juya kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Ban gaya wa Auta ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ba su zo ba. Aiki.

Na goge gilashin sau uku. Ko numfashi ka yi sai ya nuna.

Laraba, 24 ga Satumba

Kwana uku ina zuwa bakin kasuwar katako. Motocin duk iri ɗaya, direbobin duk iri ɗaya. Ban tuna fuskarsa ba. Ni da nake gane keken mutum da ƙarar sarƙarsa tun daga kwana.

Shi ne ya gane ni. "Baban ƙona shi in ka so!" Abokansa suka kwashe da dariya. Na haɗiye. Ya ce bai ƙona ba, katakon ya yi nauyi da kyau, ya sauke wa wani mai sayar da tsofaffin kaya a layin 'yan gwanjo. Wanne? Mai jar ƙofa. Ko shuɗiya. Ya ce, "Baba, akwai kuɗi ne a ɓoye a ciki? Mu raba." Na ce akwai mutane a ciki. Ya daina dariya, ya ɗauka na taɓu.

Juma'a, 26 ga Satumba

Layin 'yan gwanjo ba ƙofar da ba ja ba ce ko shuɗiya. Na leƙa ƙarƙashin tebura goma sha ɗaya. Wani ya ce in ba saye zan yi ba in daina shinshina masa kaya.

A dawowa na wuce kwanar gidanmu. Na tsinci kaina a gaban tsohon shagona, inda yanzu ake sayar da waya. Na tsaya na ɗan lokaci kamar mai jiran wani. Rana ce ta yi zafi, shi ya sa.

Litinin, 29 ga Satumba

Gwiwa ta kumbura. Ban fita ba.

Na zauna na gwada jero layukan daga kai. Na kawo goma sha huɗu. Na san sun fi haka. Babana ne ya riga rasuwa ko babar Malama? Na rantse jiya na sani.

Abu ɗaya dai ba zai taɓa ɓace mini ba: sha biyu ga Oktoba. Ranar Tsuntsuwa. Mun kira ta haka don cin abincinta, tsinci ɗaya tsinci biyu ta ture kwano. Zazzaɓi ne. Na shafa kanta da safe, zafi kamar murfin tukunya. Duk shekara a ranar nakan fito da ƙararrawar keken da take wasa da ita in ajiye a tsakiyar tebur, in ba yara labarinta. Malama takan zauna tana juya kofi a hannu. Shekara arba'in da ɗaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Auta ta gane. Wani maƙwabci ya gan ni a layin 'yan gwanjo ya kai mata rahoto. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta biya ba.

"Baba, me kake nema a can?"

Na ce sifana.

"A ƙarƙashin tebura?"

Ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun otal ɗin, ta ce, "Ni ce sila. Da ban yi maganar taya ba." Na ce ke kin isa ki sa ni yin abin da ban yi niyya ba? Ta yi dariya, idonta da ruwa. Ta ce ran Asabar za mu je tare, da hoton teburin a wayarta, akwai wanda ta ɗauka Mama na zaune.

Ta nuna mini. Ban san da hoton ba. Malama da tiren shinkafa, haske a bayanta. Ga kwalin a ƙasa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Hoto ya fi igiya, na yarda da wannan kawai. Mutum na uku da aka nuna wa ya gane shi. Ya ce ya sayar wa wata tela tun sati biyu, tana neman tebur mai faɗi na yankan yadi. Bai san shagonta ba, amma takan zo ran Laraba ɗaukar tsofaffin maɓallai a wurin maƙwabcinsa. Zai karɓi lambarta.

Ƙofarsa koriya ce.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba ta zo ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na fito da ƙararrawar. A kan gilashi ba ta zauna ba, sai zamewa take, sai da na sa mata hankici. Babba ya kira ya ce yana sane da ranar, amma ƙaramin yaron ba lafiya. Auta na aiki.

Na ba kujeru bakwai labarin. A zuci.

Wani abu ya dame ni. Na juya ƙararrawar a hannu na daɗe. Na yi shekara hamsin ina taɓa ƙararrawar keke. Wadda yaro ya yi wasa da ita tana da lotsawa, tana da tabon haƙori, fentin wurin babban yatsa ya goge. Wannan ba ta da ko ƙwarzane.

Wataƙila yarinyar mai hankali ce.

Laraba, 15 ga Oktoba

An samu telar. Mun je da rana ni da Auta.

Shago ne ɗan ƙarami a bayan makaranta, kekunan ɗinki biyu, zare ko'ina a ƙasa. Teburin na tsakiya. An shimfiɗa masa yadi mai fure, almakashi da alli a kai. Na gane shi tun daga ƙofa da ƙonewar da dutsen guga ya yi masa a kusurwa, shekarar da Babba ya fara guge kayansa da kansa. Na dafa shi. Bai motsa ba. Telar ta ce, "Na sa an ƙara wa ƙafar guntun katako, Baba. Minti biyar." Minti biyar. Mu shekara arba'in da biyar da kwali.

Auta ta yi mata bayani. Matar ta ce ikon Allah, ita ba ta taɓa leƙawa ba. Ta kwashe buhunan ƙyalle, ta shimfiɗa mini tabarma. Su biyu suka kama ni har na kwanta. Auta ta shigo kusa da ni da fitilar waya. Tun tana yarinya rabon da mu kwanta kafaɗa da kafaɗa.

Layukana na nan. Goma sha bakwai. Uku na manta.

Amma Rediyo ba ta yi ƙarya ba. Rubutun Malama ya cika katakon, ƙanana ƙanana, wani da fensir, wani da biro, har ya gangara gefe. Kusa da kowane layi kwanan wata. Sannan abubuwan da ban ja musu layi ba. Idona bai iya ba, na ce Auta ta karanta.

Ranar da Babba ya fara tafiya. Ranar da ya karye a hannu. Ranar da aka sace mini kekunan mutane uku a shago na ƙi cin abinci. Ranar da muka dawo gidan nan, kuma ba shekarar haihuwar kowa ba ce. A wani wuri: "Yau ya rubuta sunansa shi kaɗai. Ya ce biron ne mai kyau." Telar ta yi dariya daga sama. Ni ma.

Sai Auta ta kai fitila kan layin Tsuntsuwa mai gicciye, ta daina karatu.

Na ce karanta.

"Ya goge, Baba."

Na ce ƙarya kike, ina ganin baƙinsa. Karanta.

Ta karanta, muryarta a ƙasa. "Sha biyu ga Oktoba, babanta ya tafi sarin kayan keke. Na ce jikinta da zafi, ya ce haƙora ne. Sha tara ga Oktoba ta rasu a hannuna da hantsi. Ashirin da uku ya dawo, ya kawo mata ƙararrawa."

A ƙasa akwai wani layin, da wani biro daban, hannun ya fi tsufa. "Ya ce sha biyu ne. Na bar shi."

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Keken ɗinkin da ke aiki ya tsaya. Ina kallon katako tazarar kamu ɗaya daga fuskata, sai komai ya dawo, ba a hankali ba. Warin motar. Buhun sarƙoƙi a kan cinyata. Yadda na zaɓi ƙararrawar da ta fi zaƙin murya. Yadda na shigo layi ina kaɗa ta don ta jiyo ta fito. Takalman mutane a ƙofar gida.

Ba tsufa ne ya ɗauke mini wannan ba. Ina da ƙarfina na ajiye shi.

Da suka tashe ni, telar na share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Baba, ɗauki abinka, wallahi na bar maka." Na ce ba wurin da zan sa shi. Kuma gaskiya ne. Na ce ki dai bar mu mu riƙa zuwa. Ta ce ko kullum. Auta ta ɗauki hoton ko'ina, kusurwa kusurwa.

Muka shiga mota. Da muka kusa gida na ce, kin sani? Ta ce, "Mama ta gaya mini a asibiti. Ta ce kada in gyara maka." Na ce shi ya sa kika so a kai shi gidanki. Ta kalli titi.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Duk shekara, mako ɗaya bayan ranar ƙararrawa, akwai ranar da Malama ba ta cin abinci. Ta dafa, ta zuba mana, ta zauna a wurinta na taga ba kwano a gabanta. Nakan ce me kuma aka yi miki. Wata shekarar har na ce iyayi ne.

Sau arba'in.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ban yi komai ba. Likita ya ce a rubuta abin da aka yi. To ban yi komai ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kira maƙwabci muka fitar da kujeru huɗu zuwa ɗakin akwatuna, muka janyo teburin daga bango. Yanzu ana iya zama a gefen taga. Ƙofar kicin kuma ta daina buɗewa gaba ɗaya, don haka na cire ta daga hinjinta na jingine. Kicin ba ya buƙatar ƙofa. Tun da can ma ban ga amfaninta ba.

Da tef na auna. Auta ta manta shi a nan, kada ya zauna a banza.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ban kira kowa ba. Auta ta zo da hantsi. Can sai ga Babba da Rediyo, su biyu kawai. Da alama an yi magana a bayana. Ban tambaya ba.

Na sa ƙararrawar a kan hankici. Suka zauna suna jira in fara kamar kullum. Na ce yau maƙogwarona ba daɗi, Auta ta faɗa. Ta dube ni. Na ce yadda uwarki ta gaya miki, kada ki rage.

Ta faɗa. Akwai abubuwan da ban taɓa ji ba. Wai a kwanakin nan bakwai, duk keken da ya wuce a layi sai yarinyar ta ɗaga kai. Na so in ce ta tsaya. Ban ce ba. Babba ya dafa kafaɗata, hannunsa ya yi nauyi, ban san yaushe ya zama hannun babban mutum ba.

Rediyo ta ce ko za ta kaɗa. Ubanta ya ce a'a. Na ce bar ta, ai don a kaɗa aka saye ta. Ta kaɗa har sai da muka toshe kunne. Ta kuma yar da ita sau ɗaya, ta lotsa a gefe. Ba komai.

An zuba abinci. Ban ci ba, ba na jin yunwa. Na zauna a gefen taga don nan ne iska ke shigowa.

Gilashi ba ya karɓar ƙusa. Amma da na kifa kujerar taga na ga ƙasanta katako ne. Na ɗauko ƙusa na ja layi ɗaya dogo, na gicciye shi, layin Malama, wanda na ce sai na samu ƙarfi. Sannan na miƙa wa Auta biro na ce ta sa kwanan wata. Ba don na manta ba. Rubutunta ne ya fi kyau.

Ta rubuta, ta juyo mini da shi. Na sa tabarau na karanta har sau biyu.

Da za su tafi ta fito da kwalin nan daga jaka ta ajiye a gabana. Na ce me zan yi da shi, wannan ƙafafunsa daidai suke. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Na sa shi a tsakiyar littafin nan, a shafin yau.

Rediyo ta bar shatin tafin hannunta a gilashi ta ƙasa, yatsu biyar da maiƙo. Gwiwata ba za ta bar ni in sunkuya in goge ba. Sai wani lokaci.

Na gaya wa Auta ta riƙa duba littafin nan idan ta zo. Don kuskuren baƙaƙe kawai.